Manhajar tsaro ta bogi a kwamfutar kawuna: inda hannu ya iya da inda ya kasa

## Kwamfutar da mai ita

Abin nan a 2010 ya faru, kuma dalilin da ya sa har yanzu nake iya kawo shi daki-daki shi ne a lokacin duk abin da na taɓa a kwamfutar sai da na rubuta shi a takarda, sunan fayil ne, inda na same shi ne, ƙarfe nawa ne, duk dai. Mai kwamfutar kawuna ne, mutum ne da ya manyanta kuma mai tsantseni a aikinsa, amma kwamfuta a wurinsa ta buga takardu ce da duba imel da ɗan karanta labarai, iyakarta kenan.

Kwamfutar ta tebur ce, Windows XP ne a kanta mai Service Pack 3, ram 1GB, faifan ajiya 80GB. Akawun ɗaya ne tak a ciki kuma na admin ne, wato duk abin da aka danna a cikinsa yana da ikon taɓa ko'ina a Windows ba mai ce masa don me. Antibairos ɗin da ke kai irin na gwaji ne da ya zo da ita, wa'adinsa ya ƙare fiye da shekara, alamarsa na nan a ƙasan sikirin amma ya daina karɓar sabon bayani tuntuni. Sabuntawar Windows a kashe take wai tana jan intanet. System Restore, wato abin da ke mayar da Windows yadda yake a wata ranar baya, shi ma wani da ya taɓa gyara ta ya kashe shi don a samu fili. Takardun aikin kawu na kusan shekara shida suna cikin My Documents, kuma babu kwafinsu a ko'ina.

## Rana ta 1, Talata da dare

Kawu yana neman wani fom a Google, ya danna ɗaya daga cikin sakamakon da suka fito, sai ga shafi ya buɗe mai kama da My Computer sak, ga C ga D, ga koren layi yana gudu, ƙasa kuma jajayen rubutu suna ta ƙaruwa wai an kama bairos kaza a nan kaza a can. Abin da bai sani ba, duk wannan hoto ne mai motsi a cikin burauza, shafin intanet ba shi da hanyar da zai leƙa foldojin mutum haka kawai ya yi musu sikanin, ko wa ya buɗe shafin irin abin da zai gani kenan ko da kwamfutarsa yau aka ɓare ta daga kwali. Ya danna Cancel akwatin ya dawo, ya danna X ya sake dawowa, can sai wani akwatin ya fito yana tambaya Run ko Save, shi kuma don ya rabu da abin kawai ya danna Run. Daga baya da na duba lokacin da aka ƙirƙiri fayilolin, 9:47 na dare ne.

Ba a yi minti biyar ba wata manhaja mai suna Antispyware Soft ta bayyana da alamar garkuwa kusa da agogo, ta yi nata sikanin ɗin cikin ƙasa da minti ɗaya, ta ce ta kama abubuwa 32, kuma ba za ta cire ko ɗaya ba sai an sayi cikakkiyarta.

Irin wannan damfara ba a kansa aka fara ba. Tun wajen 2005 akwai su SpySheriff da WinFixer, a Disamba 2008 hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye a Amurka ta maka wasu kamfanoni a kotu kan WinFixer da XP Antivirus da makamantansu, ta ce sun yaudari mutum sama da miliyan ɗaya, sannan wani bincike da Google ya fitar a 2010 ya nuna kashi 15 cikin ɗari na miyagun manhajojin da suke ganowa a shafukan intanet antibairos ne na bogi. Kasuwa ce da aka tsara ta, suna canza suna da launi duk bayan ɗan lokaci amma aikin ɗaya ne.

## Rana ta 2 da ta 3

Da safiyar Laraba ya buɗe Word, ya ƙi, sai saƙo ya fito wai ba za a iya buɗe winword.exe ba don ya kamu, ko yana so ya kunna antibairos ɗinsa yanzu. Excel ma haka, kalkuleta ma haka. Internet Explorer ne kawai ke buɗuwa, shi ma duk shafin da ya rubuta sai a nuna masa gargaɗi wai shafin na da haɗari. Abin da ya fi damunsa kuma shi ne lokaci-lokaci burauzar kan buɗe kanta ta shiga shafukan batsa da na tallan maganin maza ba tare da ya taɓa komai ba. Wannan ne ya sa ya yi shiru kwana biyu bai gaya wa kowa ba, ya riƙa kashe monita idan wani ya shigo ɗakin, don gani yake duk wanda ya gani zai ce shi ya je ya kwaso. Manhajar ce ke buɗe su da gangan don mutum ya yarda lallai akwai ɓarna a kwamfutarsa.

Alhamis da yamma akwai takardar da dole ya fitar, ya ga ba mafita, ya danna wajen saye, ya rubuta sunansa da lambar katin bankinsa da ranar ƙarewarsa da lambobi ukun nan na baya, ya tura. Shafin ya yi ta juyawa bai ce komai ba. Sai a lokacin ya kira ni.

Na ce masa, "Kawu, kun saka lambar katinku a ciki?"

Ya ce, "Na saka ɗana, amma ai bai wuce ba, shafin tsayawa ya yi."

Na ce, "Kawu, ko bai wuce ba lambar ta riga ta bar hannunku. Don Allah yanzu ku kira banki ta lambar da ke bayan katin ku ce a rufe shi, sannan ku zare wayar intanet daga bayan kwamfutar, gobe da safe ina nan tafe."

Ya kira, aka rufe katin a daren. Da aka duba ba a kai ga cire komai ba.

## Rana ta 4 da safe: abubuwan da suka ƙi

Na isa wajen ƙarfe 8. Kafin komai na kwafe takardunsa zuwa wani faifai na waje, tunda Explorer yana aiki ana iya shiga foldoji, amma takardu da hotuna kawai na ɗauka, ban ɗauki ko fayil ɗaya mai .exe ba. 2.3GB ne, ya ci kamar minti 25.

Daga nan na fara da abin da kowa zai fara da shi, Add or Remove Programs, ya ƙi buɗuwa, saƙon nan dai ya fito. Task Manager, mai nuna manhajojin da ke gudana, ya kan leƙo kamar na daƙiƙa ɗaya sai ya ɓace. regedit na gyara rajistar saitocin Windows, msconfig na duba abin da ke tashi tare da Windows, cmd na rubuta umarni, duk kanwar ja ce. Tsohon antibairos ɗin ko motsi bai yi ba. Na zo da wata manhajar sikanin a filash, ita ma ana danna ta aka ce ta kamu. System Restore kuwa ko ya buɗu babu abin da zai mayar da mu tunda a kashe yake, babu ranar da ya adana.

Abu ɗaya da na yi a wannan lokacin da ya taimaka wa kawu ya ɗan samu nutsuwa shi ne, na ɗauki fayiloli uku daga jerin da manhajar ta ce sun kamu, na bi adireshin kowanne a gabansa. Biyu babu su ma a kwamfutar kwata-kwata, na ukun kuma fayil ɗin Windows ne na asali da ranarsa ta nuna ba a taɓa shi ba tun da aka saka Windows ɗin.

## Rana ta 4 da hantsi: kashe ta da gano maɓoyarta

Abin da na lura da shi shi ne manhajar ba ta lalata komai ba, tsayawa kawai take a bakin ƙofa tana duba sunan duk abin da zai tashi, in ba ya cikin 'yan sunayen da ta yarda da su sai ta kashe shi ta fito da saƙon ƙarya. Kuma dole ta bar Internet Explorer ya yi aiki don ta nan ne za a biya ta kuɗi. Sunan fayil ɗinsa iexplore.exe. Toh sai na shiga Folder Options na sa a riƙa nuna ƙarshen sunan fayiloli da kuma ɓoyayyun foldoji, na je C:\WINDOWS\system32 na kwafo taskmgr.exe zuwa Desktop, na canza wa kwafin suna zuwa iexplore.exe, na danna. Task Manager ya buɗe ya zauna daram.

A jerin Processes akwai wani mai suna haruffa barkatai da ba su ba da ma'anar komai, ƙarshensa tssd.exe, yana gudana da sunan akawun ɗin kawu, ba SYSTEM ba. Na danna End Process. Garkuwar da ke kusa da agogo ta ɓace, na buɗe Word ya buɗe lafiya lau, kawu ya fitar da takardarsa a take. Ƙarfe 10:20 kenan.

Task Manager na XP ba ya nuna inda fayil yake zaune, don haka na buɗe msconfig, wanda yanzu yake buɗuwa, na shiga Startup, a nan na ga cikakken adireshin: cikin Documents and Settings, sunan akawun, Local Settings, Application Data, sannan wata folda mai sunan shirme ita ma. Ranar foldar Talata, 9:47.

A nan ne na kafa wa kaina doka, don cirewa da hannu haɗarinsa shi ne ka goge abin da Windows ke buƙata ka wayi gari kwamfuta ba ta tashi, mutane da yawa sun ga svchost.exe guda biyar shida a Task Manager sun ɗauka bairos ne alhali haka yake a kowace lafiyayyar kwamfuta. Dokar ita ce ba zan taɓa fayil ba sai abu uku sun haɗu a kansa, yana zaune a wurin da manhajar kirki ba ta saba zama ba irin Temp ko Application Data, lokacinsa ya yi daidai da daren Talata, sannan sunansa shirme ne kuma in an duba Properties babu sunan kamfani babu komai. Kuma ko sun haɗu ba gogewa nake yi nan take ba, sai in canza ƙarshen sunan daga .exe zuwa .bak in mayar da shi wata folda da na buɗe musamman, in wani abu ya lalace in dawo da shi.

Na sake kunna kwamfutar ina danna F8 na shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da iya abin da ya zama dole kuma ba ya kunna abubuwan da ke Startup. A Windows 10 da 11 F8 ba ya aiki haka sai an saita, ana riƙe Shift ne a danna Restart. A Safe Mode na kwashe foldar, na buɗe regedit, na fara yin Export na kowane reshe kafin in taɓa shi. A ƙarƙashin HKEY_CURRENT_USER, Software, Microsoft, Windows, CurrentVersion, Run, wato jerin abin da Windows ke kunnawa da kansa in ya tashi, akwai layi ɗaya mai nuni ga tssd.exe ɗin nan, akwai irinsa kuma a Run na HKEY_LOCAL_MACHINE, na goge duka biyun. Akwai wani reshe mai suna avsoft a ƙarƙashin Software, shi ma na goge. Ta kuma sassauta wasu saitoci, ta sa .exe cikin jerin fayilolin da Windows zai ɗauka marasa haɗari, ta kashe duba sa hannun fayilolin da aka sauke, wato nan gaba in an sauko da wani abu ba za a yi wa mutum gargaɗi ba. Na mayar da su yadda suke.

Na sake kunnawa yadda aka saba. Ba garkuwa, ba saƙo, komai na buɗuwa.

## Rana ta 4 da yamma: intanet ya ɗauke

Na mayar da wayar intanet, sai ga shi babu shafin da ke buɗuwa, ko ɗaya. Kawu ya ce, "Kai ɗana, ba dai ka goge intanet ɗin ba?" Gaskiya nima gabana ya faɗi, na koma kan takardata ina duba ko na taɓa abin da bai kamata ba. Sai na buɗe cmd na yi ping zuwa google.com, wato na aika ɗan saƙon gwaji in ga ko zai amsa, amsa ta dawo guda huɗu cif. Kenan layi lafiya yake, sunan shafi ma ana gane shi, matsalar tana tsakanin burauza da waje.

A Internet Options, Connections, LAN Settings na same ta. An sa alama a akwatin furoksi, adireshin 127.0.0.1, ƙofa 5555. Shi furoksi kamar ɗan aike ne, maimakon burauza ta je shafi da kanta sai ta ba shi saƙo ya je ya karɓo mata. Ita kuma 127.0.0.1 adireshi ne da kowace kwamfuta ke kiran kanta da shi. Wato manhajar ta naɗa kanta ɗan aiken, duk shafin da kawu ya nema ta hannunta yake bi, shi ya sa take iya tare shi ta nuna gargaɗin ƙarya. Yanzu da na cire ta burauzar na ta ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa a bayanta. ping kuwa ba ya bi ta furoksi shi ya sa ya wuce. Na cire alamar, na share adireshin, shafuka suka dawo. Na duba fayil ɗin hosts a system32, drivers, etc, wanda ake iya karkatar da sunan shafi da shi, layin localhost ne kawai a ciki kamar yadda ya kamata, DNS ma, mai fassara sunan shafi zuwa adireshi, ba a canza shi ba.

Wajen ƙarfe 5 na tafi, na ce masa an gama. Ban yi cikakken sikanin da wata manhajar gaske ba don zai ɗauki lokaci kuma komai na aiki, na ce sai ƙarshen mako.

## Rana ta 6: ta dawo

Lahadi da rana kawu ya kira, garkuwar ta dawo. Ya rantse bai danna komai ba, imel kawai ya duba, kuma na yarda da shi don da na je na ga sabuwar folda ce mai wani sunan shirmen daban, lokacinta 1:00 na rana daidai ba ɗori, furoksin ma ya koma 5555. Lokacin da ya faɗo daidai kan awa haka shi ya sa na yi tunanin wani abu ne aka saita wa agogo.

Na maimaita duk aikin ranar Juma'a, wannan karon minti 20 ya ɗauka. Sannan na buɗe Scheduled Tasks, inda ake saita ayyukan da za su tashi da kansu a kan lokaci, ban ga komai ba. Amma da na shiga C:\WINDOWS\Tasks ta cmd na rubuta dir /a sai ga fayiloli biyu masu .job a ɓoye, sunansu dogayen lambobi da haruffa, ranarsu Talata 9:46, minti ɗaya kafin ita manhajar bogin ta sauka. Da na leƙa cikinsu ɗaya yana kiran wani ƙaramin .exe mai haruffa uku a cikin Temp, ɗayan kuma wani a cikin foldar WINDOWS kanta. Waɗannan su ne ainihin abin da kawu ya danna wa Run, aikinsu su riƙa tashi lokaci-lokaci suna sauko da duk abin da masu su suka turo. Ranar Juma'a na bi ta kusa da su ban gan su ba saboda ni sunan tssd nake nema, ban jera fayilolin kwamfutar gaba ɗaya bisa lokaci ba.

Wannan karon na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na yi Search na duk fayil da aka ƙirƙira ranar Talata har da na ɓoye, na jera su bisa lokaci, na duba duk wanda ya faɗo tsakanin 9:40 da 10:00. Guda bakwai suka cika sharuɗɗan nan uku. Na cire musu ɓoyewa da umarnin attrib, na kwashe su, na share Temp ƙaƙaf.

## Rana ta 7: abin da ido ba ya gani

Litinin garkuwa ba ta dawo ba, amma akwai saura. In ka rubuta adireshin shafi kai tsaye yana buɗuwa daidai, in kuma ka yi bincike a Google ka danna sakamako sai ka tsinci kanka a wani shafin talla daban, ba kullum ba, na gwada sau 10 ya karkatar da ni sau 4. Shafin sabunta Windows kuma ya ƙi buɗuwa sam. Furoksi babu, hosts tsaf, DNS tsaf, Run tsaf, Tasks babu komai, Task Manager babu baƙon suna ko ɗaya. Na shafe kusan awa biyu ina zagaye wuraren da na riga na duba.

Waɗannan alamomin sun yi daidai da wani rutkit, wato muguwar manhajar da ke ɓoye kanta a cikin Windows, da ya addabi mutane a shekarar, ana kiransa TDSS, Microsoft kuma na ce masa Alureon. Shi ba ya zama a folda kamar sauran, yana shiga cikin ɗaya daga direbobin Windows ne, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa Windows da sassan kwamfuta, sau da yawa direban da ke magana da faifan ajiya, sauran kayansa kuma ya ɓoye su a can ƙarshen faifan a wajen tsarin fayiloli. Tunda duk karatun faifai ta hannunsa yake bi, in ka ce a nuna maka direban sai ya miƙo maka lafiyayyen kwafi. Explorer da regedit da Task Manager da na dogara da su duk ta bakinsa suke ji, Safe Mode ma ba ya hana shi tashi don ko a can sai an loda direban faifai.

A nan na ajiye aikin hannu. Na sauke TDSSKiller, manhajar cire wannan rutkit ta kamfanin Kaspersky, a wata kwamfuta mai lafiya, na ƙona shi a CD maimakon filash don kada filashin ya kwaso wani abu ya kai gaba, na kunna shi. Cikin kamar minti biyu ya nuna atapi.sys, wato direban faifan, ya kamu, na zaɓi a warkar da shi, aka sake kunnawa. Na gwada bincike sau 20, babu karkatarwa ko sau ɗaya.

Da gangan ban fara da sabunta Windows ba sai da wannan ya fita. A Fabrairun 2010 kwamfutoci da yawa masu XP sun daina tashi bayan wata sabuntawa, shuɗin sikirin kawai suke nunawa, daga baya Microsoft ta tabbatar masu ɗauke da wannan rutkit ɗin ne. Bayan ya fita na cire tsohon antibairos, na saka wani mai karɓar sabon bayani, cikakken sikanin ya ɗauki awa 1 da minti 50, ya kama fayilolin da na killace a foldata da wasu biyu a ma'ajiyar burauza. Sabuntawar Windows ta ci sauran yinin da sake kunnawa sau huɗu.

## Rana ta 8 zuwa ta 28

Kalmomin sirrin imel da na banki an canza su daga wata kwamfutar, ba daga wannan ba. Na buɗe wa kawu akawun mai iyakantaccen iko don aikin yau da kullum, na admin kuma aka sa masa kalmar sirri. Na kunna System Restore, na sabunta burauza da manhajar karanta PDF da Java. Na nuna masa in shafi ya sake fara irin wannan sikanin kada ya danna komai a cikinsa, ko Cancel ko X, ya danna Alt da F4 ko ya kashe burauzar ta Task Manager. Na riƙa zuwa duk sati ina duba Run da Tasks da furoksi, sati uku babu abin da ya dawo, sannan na goge foldar da na killace fayilolin.

## Me ya yi aiki, me ya kasa, kuma don me

Cirewa da hannu ya yi aiki a kan ita Antispyware Soft ɗin saboda ba ta da zurfi, fayil ɗaya ce da layi biyu a Run da saitin furoksi, kuma duk ƙarfinta a kan duba suna yake, shi ya sa canza suna kawai ya karya ta. A yanayin da babu manhajar da ke buɗuwa, hannu ne kaɗai ya buɗe hanyar da sauran gyaran ya bi, wannan ba na shakkarsa. Dokar wuri da lokaci da suna ita ta hana ni lalata Windows, kuma lokacin, wato 9:47 ɗin nan, ya fi sunan fayil amfani nesa ba kusa ba, don suna canzawa yake a kowace kwamfuta.

Inda na kasa shi ne ranar Juma'a da na ɗauki ɓacewar garkuwa a matsayin an gama. Garkuwar ita ce kaɗai ɓangaren da aka yi don a gani, wanda ya kawo ta da wanda ya shigo tare da ita an yi su ne don kada a gan su, kuma kwana biyun da na bari kwamfutar tana kan intanet da su a ciki kawu yana shiga imel ɗinsa. Da na yi binciken lokaci da cikakken sikanin a ranar, da an kama masu saukowar tun Juma'a. Shi kuwa rutkit ɗin ko kwana nawa zan yi da regedit ba zan gan shi ba, sai da kayan aikin da aka ƙera dominsa, ko a tashi kwamfutar daga CD a dube ta daga waje.

Kwana biyun da kawu ya yi shiru su suka kai shi ga saka kati, kuma kunya ce ta sa shi shirun, wadda masu manhajar suka shirya da gangan. Rufe katin a daren shi ne matakin da ya fi kowanne tsare shi, kuma bai buƙaci sanin kwamfuta ba.

Ra'ayina a lokacin, kuma har yanzu, kwamfutar da rutkit ya taɓa shiga kamata ya yi a kwashe takardu a goge ta gaba ɗaya a sake saka Windows, don babu wanda zai iya rantsuwa cewa ba a bar wata ƙofa a buɗe ba. Na gaya wa kawu haka. Ya ce akwai wata tsohuwar manhajar lissafi da yake aiki da ita wadda CD ɗinta ya ɓace kuma ba zai iya rabuwa da ita ba. Muka tsaya a kan ba za a sake shiga banki ko saka lambar kati a wannan kwamfutar ba, takardu kuma za a riƙa kwafe su zuwa faifan waje duk ƙarshen wata. A haka ya ci gaba da aiki da ita har zuwa 2014 da Microsoft ta daina tallafa wa XP, sannan ya canza wata.